Jarrabawar Shiga Karatun Likita: Lokacin Zama da Yadda Ake Shiri

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata a Nijeriya suna neman shiga jami'a domin koyon aikin likita, amma guraben da ke akwai ba su kai yawan masu nema ba. Dalili kuwa shi ne, majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, watau MDCN, ita ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikin asibitin koyarwarta. Saboda haka cin jarrabawa kawai bai isa ba, sai an ci da maki mai yawa. Wannan ya sa ya wajaba ɗalibi da iyayensa su yi shawara sosai a kan shekarar da zai zauna.

Yadda jarrabawar take

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, a shekarar 1978. Tun daga 2010 ake kiran jarrabawarta UTME, kuma tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta. Mai neman karatun likita zai zauna darussa huɗu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Tambayoyin 180 ne, 60 na Turanci, sauran darussan 40 kowanne, ana amsa su cikin awa biyu. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Jimlar maki 400 ne. Bayan wannan, jami'o'i da yawa suna sake tace ɗalibai da tasu jarrabawar.

Yaushe ya kamata a zauna?

Abubuwa uku ne za a duba. Na farko, sakamakon UTME na shekara ɗaya ne tak. Wanda ya ci bana bai sami gurbi ba, baɗi sai ya sake biyan kuɗi ya sake zama. Don haka babu amfanin zama tun ɗalibi yana aji biyar na sakandare da niyyar ajiye sakamako.

Na biyu, shekarun haihuwa. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Yaron da bai kai ba, ya fi masa alheri ya ƙara shekara guda yana ƙarfafa karatunsa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sakamakon kammala sakandare. Ana bukatar kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, kuma jami'o'i da yawa ba su karɓa a sashen likita sai an same su duka a zama ɗaya. Wanda ya faɗi darasi guda, a irin waɗannan jami'o'i sai ya sake biyar ɗin gaba ɗaya.

Galibi akan yi UTME wajen watan Afrilu, sa'an nan jarrabawar WAEC da ta NECO su biyo baya. An yarda ɗan ajin ƙarshe ya zauna yana jiran sakamako, kuma ɗalibin da ya kammala manhaja yana da ƙarfi a darussan kimiyya ya kamata ya yi hakan. Amma wanda ya san Fizis ko Kemistiri na ba shi wuya, gara ya fara tabbatar da kiredit ɗinsa, ya fuskanci UTME a shekara mai zuwa. In ya raba hankalinsa biyu yana iya rasa duka. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma wata hanyar, watau shiga kai tsaye. Wanda ya yi karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko na JUPEB, ya sami sakamako mai kyau, yana iya farawa daga aji biyu. Sai dai guraben wannan hanya kaɗan ne ƙwarai.

Yadda ake shiri

Da farko ɗalibi ya samo manhajar JAMB, domin daga cikinta ake fitar da tambayoyi. Ya raba ta bisa watannin da suka rage, ya ba darasin da ya fi ba shi wuya lokaci mafi yawa. Kada ya raina Turanci, gama makinsa 100 ne daidai da na Fizis.

Bayan ya gama kowane babi, ya amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa, ya koma ya binciki dalilin kowane kuskure. Haddar amsoshi ba tare da fahimta ba ba ta da amfani. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya nemi inda zai koya tun da wuri, ya kuma shiga jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

Tun daga 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ya kamata a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo daidai a dukan takardu, a kuma yi rajista a cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai. A guji masu alkawarin sayar da amsa ko ƙara maki. Dokar shekarar 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga mai maguɗin jarrabawa, ban da soke sakamako.

Kira ga iyaye

Karatun likita shekara shida ne, sa'an nan shekara guda ta horo a asibiti da shekara guda ta bautar ƙasa. Jinkirin shekara ɗaya domin shiri mai kyau ƙaramin abu ne a kan wannan doguwar tafiya. Ana roƙon iyaye su tuntuɓi malaman 'ya'yansu kafin su biya kuɗin rajista, su kuma bar yaro ya zauna a shekarar da ya shirya.