Faransa: gona taka ce, amma barewar da ke cikinta fa?

Da zarar watan Satumba ya kama, ana buɗe farauta a yawancin jihohin Faransa, kuma daga nan har ƙarshen Fabrairu ba a rasa jin ƙarar bindiga a dazuzzukan ƙasar, musamman ran Asabar da Lahadi. Masu lasisin farauta sun kai kimanin miliyan 1. Hausawa mazauna can, ko waɗanda suka je karatu, sukan samu maƙwabci ko abokin aiki ya miƙo musu cinyar naman daji. Daga ina naman ya fito, wa ya ba da izinin harbi, kuma me ya sa wani ke da daɗi wani ke ƙarni?

Wace dabba ake nufi

A ƙasar Hausa barewa ita ce ta sahel, mai ƙaho guda biyu da ba ya faɗuwa har ta mutu. Ta Turai danginta daban ne: namijinta ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar icce, yana zubar da shi kowace shekara ya tsiro sabo. Rashin wani suna ya sa muke kiranta barewa. Iri biyu aka fi harbi a Faransa. Akwai ƙarama, chevreuil, mai nauyin kilo 20 zuwa 30, kamar akuya. Akwai babba, cerf, wanda namijinsa kan kai kilo 200, ya fi kusa da gwanki a girma. A shekarun nan ana kashe ƙaramar kimanin 600,000 a shekara, babbar kuwa sama da 70,000.

Filin mai shi, dabbar ba ta da mai ita

Kafin juyin juya halin 1789, farautar manyan dabbobi ta sarakuna ce da masu sarauta. A watan Agusta na wannan shekara aka soke wannan gata, aka ɗaura haƙƙin farauta a kan mallakar fili. Har yau doka ta hana kowa farauta a filin wani sai da yardarsa, kuma mai daji na iya bayar da hayar farautarsa ga wata ƙungiya ya karɓi kuɗi.

Sai dai dabbar da ke yawo a sake ba dukiyar kowa ba ce, ko da a gonarka take kwana. Tana zama ta wanda ya harbe ta bisa doka. Shi ma mai filin sai yana da lasisi, wanda ake samu bayan jarrabawa, sai kuma lokacin da hukuma ta buɗe ya yi.

Ga kuma ƙayyade adadi. Tun ƙarshen shekarun 1970 ya zama dole a duk ƙasar: kowane yanki na farauta ana yanka masa yawan barewar da zai kashe a shekara, mafi ƙaranci da mafi yawa. Kowace dabba tana da wani zobe mai lamba da ake saya, a ɗaura mata a ƙafa a wurin da ta faɗi tun kafin a ɗaga ta. Wanda jami'an hukumar OFB suka kama da barewa babu zobe, ɓarawon daji ne a idon doka, ko da a filin ubansa ya harbe ta. Wannan tsari na cikin dalilan da suka sa barewar ta yawaita, har masu dashen itatuwa ke kukan tana cinye musu tsiro. Ɓarnar da manyan dabbobi ke yi a gonaki kuwa, ƙungiyoyin maharba ne ke biyan diyyarta.

Rigingimu biyu

Ta farko ta ƙananan masu fili ce. Dokar Verdeille ta 1964 ta ba da damar haɗe filayen da ba su kai wani girma ba, galibi hekta 20, a ƙarƙashin ƙungiyar maharban gari, ko mai filin ya so ko bai so ba. Wasu da ba sa ƙaunar farauta suka kai ƙara, kuma a 1999 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba su gaskiya a shari'ar Chassagnou. Dokar shekara ta 2000 ta ba mai fili damar janye filinsa saboda aƙida, da sharaɗin shi ma ba zai yi farauta a ciki ba.

Ta biyu ta attajirai ce. A yankin Sologne, kudu da birnin Orléans, masu manyan dazuzzuka sun kewaye su da dogon shingen waya na dubban kilomita, dabbobi suka zama tamkar a garke. Dokar 2 ga Fabrairu 2023 ta ce shinge a daji kada ya wuce mita 1.20, kuma a bar tazarar santimita 30 daga ƙasa domin dabba ta wuce. An ba masu shingen da bai kai shekara 30 ba wa'adi zuwa farkon 2027.

Me ke sa ɗanɗano

Naman barewa ja ne sosai, kitsensa kaɗan, don haka yana saurin bushewa a wuta. Na ƙaramar ya fi laushi, na babbar ya fi kusa da naman sa. Ƙarnin da mutane ke kuka da shi yana da sababi. Babban namiji da aka harba lokacin barbara, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, yana da wari mai ƙarfi, ga shi ya rame don ba ya ci. Dabbar da karnuka suka daɗe suna kora, namanta kan yi tauri. Idan harsashi ya fasa tumbi, ko aka yi jinkirin farke ciki, naman ya fara lalacewa tun a daji. Shi ya sa maharba ke fitar da kayan ciki nan take, su rataye gawar 'yan kwanaki a wuri mai sanyi. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada zafin naman ya wuce digiri 7. A kicin, a yanke kitsen da jijiyoyi, domin kitsen yana daskarewa a baki. Gadon baya a gasa shi sama-sama, kafaɗa da wuya kuwa sai farfesu a kan ƙaramar wuta.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya. Naman barewa halal ne, amma malamai sun gindaya sharuɗɗa: maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan kuma ya tarar da ita da sauran rai ya yanka ta. Game da abin da wanda ba Musulmi ba ya harbo, malamai sun saɓa, don haka gara a tambayi mai kyautar, a kuma tambayi malami.

A yankinmu labarin ya sha bamban. A arewacin Kamaru, gwamnati ce ke bayar da hayar yankunan farauta da ke kewaye da gandun Bénoué, Faro da Bouba Ndjida. A Nijar da Chadi kuwa, farar barewar nan ta dama ta kusa ƙarewa, saura 'yan tsiraru a wurare irin su Termit, kuma harbinta laifi ne. Faransa na ƙidaya don rage yawan da ya yi mata yawa. A Sahel ana ƙidayar abin da ya rage.