Tawadar Injin Buga Takarda In Ta Bushe

Malaman Gwarzo da Kabo sun san yadda tawada kan bushe a kurtu lokacin hunturu. To, haka kurtun injin buga takarda yake, gama ƙofofin da tawadar ke fita sun fi silin gashi siranta. In rubutu ya soma tsinkewa, kada mai shi ya gaggauta sayen sabo. Kurtu irin na HP ko Canon akan cire shi, a ɗora bakinsa bisa ƙyallen da aka jiƙa da ruwan ɗumi har tawada ta ɓullo, a tsane, a mayar. Amma ba a bugu da kurtun da ya ƙare, domin tawada ke sanyaya bakin. In babu ita, sai ya ƙone. Rigakafi kuwa, bugun shafi guda kowane mako. Haza wassalam.