Awon jinin zazzaɓin cizon sauro: gyaran gilashi ne tushen aiki

Da zarar damina ta kankama, daga watan Yuli zuwa Oktoba, gidajen likita na Agye, Gazawa da Gidan Runji kan cika maƙil da iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar ta hanyar awon jini kafin a ba da magani.

Sai dai madubin likita ba ya nuna komai face abin da aka ɗora masa. Ɗigon jinin da ake shimfiɗawa kan gilashi, in ya yi kauri har ba a iya hango rubutun jarida ta cikinsa, to ƙwayar cutar ta ɓuya. In aka shanya shi a rana, zafi kan gasa jinin, rini ya kasa ratsa shi. Ƙuda na lashe shi, ƙura kuwa na bar masa ɗige-ɗige masu kama da ƙwayar cuta.

Shi ma rinin Giemsa, wanda wani Bajamushe ya haɗa a 1904, yana bukatar ruwa mai ma'aunin tsami 7.2, ga shi kuma ruwan rijiya ba kullum yake dacewa ba.

Kuskure a nan na nufin a sallami yaro da cuta a jikinsa, ko a ɗura masa maganin ciwon da ba shi da shi. Don haka ya kamata hukumomi su wadata ɗakunan awo da sababbin gilasai, tsabtataccen ruwa da horo ga ma'aikata.