Kotu na Arlit, lauya na Yamai: aikin shari'a a ƙasar uraniyom

Wutar lantarkin da ke haska Arlit da Akokan da Cirozerin da birnin Agadas ta daɗe tana fitowa daga rami ɗaya, ramin gawayin Anu Araran, kimanin kilomita 75 daga Agadas. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR don haƙar wannan gawayi, a 1981 kuma tasharsa ta fara tura wuta zuwa mahaƙun uraniyom na SOMAIR da COMINAK. Kafin a sa diga a ƙasa, sai da masana doka suka zauna suka rubuta wane ne ke da kaso nawa, wane haraji za a biya, wace kotu za a je idan an saɓa. Kusan duk abin da ya sami mutanen wannan yanki tun daga lokacin, alheri ko akasinsa, yana da tushe a cikin irin waɗannan takardu. Abin da ke damuna shi ne, a wurin da doka ta fi ko'ina yanke rabon dukiya, a nan ne talaka ya fi nisa da wanda ya san doka.

A bakin jama'a, ma'aikatan shari'a biyu ne: alƙali da lauya. A tsarin Nijar kuwa, wanda aka gada daga Faransa, sun fi haka yawa, kuma rashin sanin aikin kowanne yana sa mai gaskiya ya kai kukansa ƙofar da ba ta dace ba.

A ɗauki ma'aikacin da aka sallama ba a biya shi haƙƙinsa ba. Irinsa ba su da wuyar samu a Akokan. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na uraniyom tun 1978, ya bar ma'aikata wajen 600, ga kuma wasu ɗaruruwa da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, waɗanda suka yi ta kukan cewa kuɗin sallama bai iso gare su kamar na sauran ba. Mutumin da irin wannan ma'aikaci zai fara nema shi ne sufeton ƙwadago. Kundin dokar ƙwadago na 2012 ya ba sufeto ikon kiran mai aiki da ma'aikaci ya gwada sasanta su, kuma abin da aka cimma a gabansa ana rubuta shi. In sulhu ya faskara, sai a wuce kotun ƙwadago, inda alƙali ke zama da mataimaka biyu, ɗaya daga ɓangaren masu ba da aiki, ɗaya daga ɓangaren ma'aikata. Shigar da ƙara a nan kyauta ne, kuma wakilin ƙungiyar ƙwadago yana iya tsaya wa ma'aikaci. Da yawa ba su san wannan ba, sai su haƙura tun ba su fara ba, don suna zaton sai mai kuɗin lauya ke iya taka kotu.

A cikin kotu akwai mutum biyu da ba a cika kula da su ba, alhali shari'a ba ta motsi sai da su. Na farko magatakarda, wanda ke karɓar takardun ƙara, yana rubuta abin da aka faɗa a zaman kotu, yana ajiye asalin hukunci, yana ba da kwafi. Na biyu shi ne wisiye, mai kai sammaci. Shi ne kuma ke zuwa ya ga ɓarna da idonsa ya rubuta ta a takardar da kotu ke karɓa, kuma shi ke zartar da hukunci, har da kama kaya ko riƙe kuɗin banki. Wanda ya ci shari'a bai nemi wisiye ba, takarda kawai ya riƙe. Noter kuma aikinsa kafin rigima ne: cinikin gida, kafa kamfani, rabon dukiya, duk takardar da ya sa wa hatimi tana da ƙarfin da ba a rushe shi da musu na baki.

Arlit na da babbar kotun lardi, ɗaya daga cikin goma da ƙasar ta daɗe da su, tare da Agadas, Tawa, Konni, Maradi, Damagaram, Difa, Doso, Tilaberi da Yamai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga garin da aka gina saboda ma'adinai. Amma in mutum bai gamsu da hukunci ba, ɗaukaka ƙara sai Tawa, tafiyar kilomita wajen 650 a kan hanyar uraniyom, wadda duk wanda ya bi ta ya san halin da take ciki. In ana neman lauya kuma, kusan dukkan ofisoshin lauyoyin Nijar a Yamai suke, kimanin kilomita 1,200 daga Arlit. Mai ƙara ne zai biya kuɗin mota da masauki da kwanakin hanya, kafin a zo maganar ladan aikin kansa. Kamfani yana da masanan dokarsa da yake biya albashi, yana da lauyoyin da ya ɗauka a Yamai da Paris. Leburan da ya shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa ba shi da ko ɗaya. Doka ɗaya ce ga su biyun, amma ɗaya ne kawai ke da mai karanta masa ita.

A shari'ar laifi giɓin ya fi zafi. Jandarma ko ɗan sanda yana iya tsare mutum awa 48, ana kuma iya sabuntawa da izinin mai gabatar da ƙara. Shi mai gabatar da ƙara horonsu ɗaya da alƙali, daga makaranta ɗaya suke fitowa, sai dai aikinsa tsaya wa al'umma ne da neman a hukunta mai laifi, kuma yana ƙarƙashin ministan shari'a. Alƙalin zaune, mai yanke hukunci, doka ce ta ce kada ya karɓi umarnin kowa. Tsakaninsu akwai alƙalin bincike, wanda a manyan laifuka shi ke tattara hujjojin da ke kama mutum da waɗanda ke wanke shi, shi ke iya tura shi gidan kaso kafin shari'a. Ƙa'idar ƙasashen UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. To, wanda aka kama a Arlit ko Iferwan, ina zai ga lauya cikin awa 48? Don cike wannan giɓi ne aka kafa hukumar ANAJJ a 2011, mai ba marasa hali taimakon shari'a, ake kuma naɗa masu kariya daga cikin malaman makaranta da sauran masu ilimi don su tsaya wa waɗanda ake tuhuma. Mutanen nan suna aikin lada, na kuma girmama su. Amma gajeren horo ba ya maye gurbin shekarun karatun doka, musamman idan ɗaurin shekaru masu yawa ne ke jiran mutum.

Yawancin rigingimun yau da kullum ma ba sa isa gaban alƙalin gwamnati. Aure da saki, gado, rijiya, makiyaya, iyakar garka a kwarurrukan Abzin, ana kai su ne gaban mai unguwa ko shugaban ƙabila ko fadar Sarkin Abzin da alƙalinta. Dokar Nijar ta yarda da wannan: ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa, ta kuma ce a irin waɗannan batutuwa kotu ta yi aiki da al'adar masu ƙara, tare da mataimaka masana al'ada, waɗanda galibi malamai ne da suka san fiƙihun Malikiyya. Shawarata ga duk wanda aka yi masa sulhu a fada ita ce ya nemi a rubuta shi a takarda a sa hannu, domin shaidu suna mutuwa, suna ƙaura.

Yadda ake zama ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata ba ɓoyayyen abu ba ne. Bayan jarrabawar bak, sai tsangayar doka, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko jami'ar Tawa, shekara uku zuwa lisans, biyu kuma zuwa masta. A nan hanya ke rabuwa. Mai son alƙalanci zai shiga gasar jarrabawa, in ya ci ya tafi makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta ƙasa, EFJN, wadda ta karɓi aikin da makarantar ENAM ke yi a da, ya yi karatun aji da zaman koyo a kotuna kafin a naɗa shi. Mai son zama lauya sai ya ci jarrabawar CAPA, ya yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani babban lauya kafin a rubuta sunansa a babban jerin ƙungiyar lauyoyi, wadda batoniye ke shugabanta. Waɗannan shekaru uku su ne sirrin cunkoson Yamai. A can manyan ofisoshi suke, a can matashi ke koyon aiki, ya yi aure, ya sami masu kawo masa ƙara, daga nan komawa arewa sai ta zama asara a idonsa.

Doka kuma rassa gare ta, kuma ba kowane lauya ne ya san kowane reshe ba. Dokar kasuwanci ta Nijar ta OHADA ce, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta tun yarjejeniyar 1993, babbar kotunta na Abijan. Akwai dokar ƙwadago, dokar ma'adinai, dokar muhalli, dokar haraji. Ƙasar uraniyom na buƙatar waɗannan duka, wata shari'a da aka yi a Faransa kuma ta nuna dalili.

Wani Bafaranshe ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya rasu a 2009 da sankarar huhu. Iyalinsa suka kai ƙarar kamfanin Areva, wanda yanzu ake kira Orano. A watan Mayu na 2012 kotun Melun ta ba su gaskiya, ta ce Areva na da alhaki a matsayin abokin ɗaukar aiki, ta yanke diyyar Yuro 200,000. A watan Oktoba na 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin, kotun ƙoli ta tabbatar da rushewar a 2015. Hujjar ita ce, wanda ya ɗauki mamacin aiki COMINAK ne, kamfani mai rajistar Nijar, Areva kuwa mai hannun jari ne kawai, da kashi 34 cikin ɗari. A lura da inda shari'ar ta karye. Ba a kan ko ƙurar uraniyom na kashe mutum aka tsaya ba, an tsaya ne a kan wata tambaya ta dokar kamfanoni: wane ne uban gidan ma'aikaci a idon doka? Iyalin da ke da ƙwararren lauya a Paris sun yi shekaru suna fafatawa suka faɗi a kan wannan gaɓa. Sai a auna halin matar tsohon lebura a Arlit, wadda ba ta riƙe da takardar asibitin mijinta, ba ta kuma san cewa ana iya neman a rubuta ciwonsa cikin cututtukan aiki a asusun kula da ma'aikata na CNSS ba.

Abin da aka sani game da gurɓatar ruwa da ƙarafan da suka fita daga mahaƙa suka shiga kasuwar Arlit, ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ce ta fara ɗaga murya a kai, masu awon CRIIRAD suka zo daga Faransa a 2003, ƙungiyar lauyoyin Faransa ta Sherpa ta shiga maganar. Sherpa ta kai ga yarjejeniya da Areva a 2009 kan sa ido ga lafiyar tsofaffin ma'aikata, ta janye a 2012 tana cewa ba a cika alkawari ba. Ƴan Arlit ne suka tara bayanai, suka jure matsin lamba, amma da aka zo ga rubuta yarjejeniya da auna ƙarfinta a doka, sai da aka jira lauyoyi daga ƙetare. Yau ga tulin dusar ma'adinai wajen tan miliyan 20 da COMINAK ya bari a Akokan, kuma tambayar wanda zai ɗauki nauyinta shekaru masu zuwa tambaya ce ta doka kafin ta zama ta injiniya.

Gwamnati ma ta shiga irin wannan fage. A watan Yuni na 2024 ta karɓe lasisin haƙar uraniyom na Imuraren daga Orano, a watan Yuni na 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, inda a da Orano ke da kashi 63.4 cikin ɗari. Orano ya kai ƙara cibiyar sasanta rigingimun zuba jari ta Bankin Duniya da ke Washinton, a watan Satumba na 2025 kuma masu sasantawar suka umarci Nijar kada ta sayar da uraniyom ɗin da ake jayayya a kansa. Ko mutum na goyon bayan matakin gwamnati ko yana da ja, abu ɗaya ya tabbata: ikon ƙasa a kan ma'adinanta sai an kare shi da lauyoyin da suka ƙware a shari'ar sasantawa ta duniya, kuma horar da irinsu aiki ne na shekaru, ba a yin sa ranar da sammaci ya iso.

Iyayen Arlit da Cirozerin sun daɗe suna burin ɗansu ya zama injiniyan ma'adinai ko likita, kuma buri ne mai kyau. Ina roƙon su ƙara doka a cikin lissafi, ga ƴaƴa maza da mata. Yaron da ya tashi yana jin Tamashek da Hausa, ya san me ake nufi da aikin dare a rami, in ya zama lauya ba ya buƙatar tafinta tsakaninsa da mai ƙara. Ƙananan hukumomin jahar Agadas suna da kaso na kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da dokar 2006 ta ware wa yankunan da ake haƙa. Su ware wani abu daga ciki su ɗauki nauyin ɗaliban doka, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Ƙungiyar lauyoyi kuma ta buɗe ofishi na dindindin a Agadas da Arlit, ta riƙa turo lauyoyi bi da bi, har ranar da ƴan yankin za su karɓi aikin.