Ko Kun Sani? Dalilin Da Takalmin Birki Ɗaya Ke Rigan Ɗan'uwansa Cinyewa

A yawancin baburan da ke da birkin faifai, gefe ɗaya kaɗai fistan ke turawa. Ɗaya takalmin kuwa sai gidan birkin ya zame a kan ƙusoshinsa biyu kafin ya kama faifan. Da zarar ƙura ko tsatsa ta riƙe ƙusoshin nan, sai takalmin gefen fistan ya ɗauki aikin shi kaɗai, ya cinye, ɗan'uwansa na nan kamar sabo. Sauya takalma kawai asarar kuɗi ce. A sa bakanike ya wanke ƙusoshin, ya shafa musu giris na silikon, don giris na gama-gari yana kumbura robarsu.