Murhun girki a Yamai: a fara tambayar mai tuƙa tuwo

Kowane aikin raya ƙasa, rijiya ce ko makaranta ko ɗan kayan gida, yana da wani mataki da ba a ganinsa ranar bukin buɗewa. Shi ne tattara buƙatun mutanen da za a yi wa aikin, a rubuta su, kana a ɗauki abin da ake son ƙerawa a feɗe shi gaɓa-gaɓa, a duba ko kowace gaɓa ta biya wata buƙata. Tarihin murhu a birnin Yamai ya isa misali.

Kowa ya san icce shi ne makamashin talaka. A murhun duwatsu uku, mafi yawan zafin wuta iska ke kwashe shi, kaɗan ne ke isa tukunya, ga dazuzzukan kewayen birni suna ƙarewa. Tun a 1965 ƙasar Nijar ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya fara shugabanta a 1969. Cikin abubuwan da aka ƙera a can akwai murhun rana, wato wani faifai mai ƙyalli da ke tara hasken rana a gindin tukunya. Ta fuskar ilimi babu abin zargi: ruwa yana tafasa ba tare da ko tsinken icce ba. Amma murhun bai shiga gidaje da yawa ba. Tuwon dare da marece ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Mai girki kuma inuwa take nema, ba za ta tsaya cikin ranar bazara tana juya faifai ba. Uwa uba, tuƙin tuwo aikin ƙarfi ne; in tukunya ba ta zauna daram ba, muciya za ta kifar da ita.

Bayan farin 1984 da taron Maraɗi kan gurgusowar hamada a watan Mayu na wannan shekara, hankali ya koma kan rage cin icce. A tsakiyar shekarun 1980 aka baza murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Shi kam daga madafa aka taso da shi. Tukunyar da mata suka saba da ita, mai zagayayyen gindi, tana nutsewa cikinsa, ƙarfen ya kewaye ta ya tare iska. Ana iya ɗaukarsa, abin da ya dace da ƴan haya. Ba ya buƙatar masana'anta, don maƙeran kasuwa suna yanka shi daga tsofaffin gangunan ƙarfe, suna bin awon da aka ba su.

Wannan awon kuwa shi ne ran murhun. Tsakanin tukunya da bangon murhu akwai ƴar tazara wadda ba ta wuce kaurin yatsa ba. In ta yi faɗi, zafi ya gudu; in ta matse, hayaƙi ya shaƙe wuta. Ke nan kowace lambar tukunya da nata murhu. A nan ne wata buƙata ta ɓullo wadda gwajin tafasa ruwa ba ya nunawa: gida ɗaya yana da tukunyar tuwo, da ta miya, da babba ta ranar suna, mai gida kuma ba lalle ya yarda ya sayi murhu uku ba. Ƙofar murhun ƙarama ce, sai an faskare icce, kuma faskare ko dai gumi ne ko kuɗi. Jami'in da bai rubuta waɗannan cikin takardar buƙatu ba zai ƙidaya murhun da aka sayar, ba wanda ake girki da shi ba.

Tun da matatar mai ta Zinder ta fara aiki a 2011, gas ɗin girki na gida ya samu, ƙaramar kwalba mai kilo 6 ta shiga unguwannin Yamai. Ita ma ba ta ɗaukar babbar tukunya sai maƙeri ya yi mata mazaunin ƙarfe.