Tsawa: Gindin Itace Ba Mafaka Ba Ne

Daga Wakilinmu

A watan Satumba na 2019 tsawa ta faɗa kan wani garke a Ijare, cikin Jihar Ondo, ta kashe shanu 36 nan take. Mutanen garin suka ce fushin abin bautarsu ne. Amma masana suna da bayani. In aradu ta sauka, wutarta tana bazuwa cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafa guda ta fita ta wata. Saniya kuwa ƙafafunta na gaba da na baya suna da tazara, ga shi shanu kan cunkushe wuri ɗaya in hadari ya taso.

Wannan magana ta shafe mu, mu mazauna Ojo da Agege. Dubi sana'o'inmu: mai tallar raguna, ɗan garuwa, ɗan acaba, mai gadi, mai jiran shanu a mayankar Oko-Oba. Duk a fili muke wuni. Ga shi damina a Ikko tana faɗuwa tun Maris ko Afrilu, lokacin da gida ana fama da bazara, kuma tsawa ta fi yawa a farkonta da ƙarshenta.

Da an ji yayyafi, sai ka ga jama'a sun ruga gindin itace ko ƙarƙashin rumfar kwano. To, jama'a, nan ne haɗarin yake. Tsawa ta fi faɗa wa abu mai tsawo, rumfa marar bango kuwa ruwa kaɗai take tarewa. Ka nemi ginin bulo ko mota mai rufin ƙarfe. In kana cikin kwalekwale, a nemi gaɓa. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka muddin kana jinta, tana iya cim maka. Bayan cida ta ƙarshe a dakata minti 30. Na san ɗan kasuwa zai ce rabin awa kuɗi ne. Haka ne, amma ciniki sai da rai.

Sauran abu guda. Tun muna yara muke jin cewa ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa sai an yayyafa masa madara. Babu wutar da take saura a jikinsa. Sau da yawa zuciya ce take tsayawa, kowane minti kuwa yana da tsada. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya buga 112 ko 767.